Tsohuwar motar alfarma: yadda ake duba ta, a gyara ta, a riƙe ta ba tare da ta cinye mai ita ba

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Wani ya ga Mercedes S-Class mai shekara 15 ko 20, ko BMW 7 Series, ko Audi A8, ko Lexus LS, an sa mata kuɗin da bai kai na ƙaramar mota mai 'yan shekaru ba, sai ya zo yana cewa, in saya? Wani kuma ya riga ya saya, ya wayi gari ya tarar gaban motar ya durƙusa ƙasa, yana tambayar ta ina zai fara. Hanyar su biyun ɗaya ce, shi ya sa na haɗa amsar wuri guda.

Abin da za ka riƙe tun yanzu shi ne, kuɗin motar ne kawai ya faɗi. Kuɗin kayanta da ladan aikinta suna nan inda suke tun tana sabuwa. Wanda ya gane wannan ya bi aikin daki-daki zai ji daɗin motar. Wanda ya fara da gyaran rediyo alhali tiyon ruwa na shirin fashewa, shi ne zai zo yana zagin kamfani.

1. Yi lissafi kafin ka je ganin motar

Raba abin da ke hannunka gida uku. Biyu na saye, ɗaya na gyaran farko. In motar da ranka ke so sai ta cinye duka ukun, ba taka ba ce tukuna, nemi ta ƙasa da ita ko ka ƙara haƙuri. Wannan kason na uku za a kashe shi ne a watannin farko ko da mai sayarwa ya rantse maka cewa ba abin da ke damunta, domin akwai ayyukan da shekaru ke kawowa, ba sai wani abu ya lalace ba.

Sannan ka tambayi kanka abu biyu. Akwai bakaniken da ya san irin wannan motar kuma yana da kwamfutarta a inda kake? Kana da wata hanyar zirga-zirga idan ta kwana biyar a gareji ana jiran kaya? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ka dakata.

*Gargaɗi:* kada ka ci bashi don sayen irin wannan mota. Biyan bashi da gyara sukan haɗu a wata ɗaya.

2. San injin da giyar da ke ciki

Sunan da ke manne a bayan but ba ya gaya maka komai. Ka nemi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka sa a bincika maka shekarar ƙira, irin injin, irin giyar, da irin sasfenshan. Mota biyu masu suna ɗaya, ɗaya tana iya zama ta zaman lafiya, ɗaya ta kai ka ga sauke inji. Ga cututtukan da aka fi sanin kowace da su.

Mercedes W220, wato S-Class ta 1998 zuwa 2005. Injinanta na M112 da M113 masu juriya ne ƙwarai. Ciwon kanta yana sasfenshan ɗin iska da ake kira Airmatic, da tsatsa a ƙasan ƙofofi da bakin taya musamman a na farko-farko, da kuma giyarta mai hawa biyar, 722.6. Ita giyar ƙarfi gare ta, amma soket ɗin wayarta yakan yi yoyo, man giya ya bi cikin waya har ya kai ƙwaƙwalwar giyar. Robar soket ɗin ba ta da tsada, abin da take lalatawa ne mai tsada. S600 da S55 AMG kuwa suna da sasfenshan na mai da ake kira ABC, mai aiki da matsi kusan bar 200. In kuɗinka a ƙirge suke, ka bar waɗannan biyun.

Mercedes W221, wato S-Class da ta biyo bayan W220, da E-Class na tsakiyar shekarun 2000 masu injin M272 ko M273. A waɗanda aka fara ƙerawa akwai wani haƙori a layin sarƙar taimin da ke cinyewa da wuri. Kwamfuta takan nuna lambar laifi P0016 ko P0017, gyaran kuma yawanci sai an sauke inji. Daga baya kamfanin ya sauya ƙarfen, don haka lambar injin ce za ta nuna maka ko naka yana cikin masu matsalar. E-Class W211 ta 2002 zuwa 2006 tana da birkin SBC, wato birkin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda famfonsa ke ƙirga yawan takawa, in adadin ya cika ya fara neman canji. An daina sa shi a E-Class daga 2006.

BMW 7 Series: E38, 1994 zuwa 2001, da E65, 2001 zuwa 2008. A E38 mai V8, robobin da sarƙar taimin ke bi a kai sukan bushe su farfashe. A E65 mai injin N62, abu uku ne suka yi suna: robobin bawul da ke barin mai ya shiga silinda har salansa ta yi shuɗin hayaƙi, bututun ruwan da ke kwance a tsakiyar injin, da gasket ɗin mazaunin altaneta da ke zubar da baƙin mai. Kowane cikinsu kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba, ladan kwancewar ne ke kashe mutum. F01 da ta biyo baya a 2008 da injin N63 mai turbo biyu a tsakiyar inji ta fi su shan mai da cin batir, zafin wurin kuma yana gasa duk robar da ke kusa.

Audi A8 D3, daga 2002. Jikinta alminiyom ne, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma in ta yi haɗari ba kowane mai gyaran jiki ke iya mata ba. Injin 4.2 FSI sarƙar taimin ɗinsa tana baya ne, ta wajen giya, taɓa ta sai an fitar da injin. Yana kuma tara baƙin datti a bawul ɗin shigar iska, sai an buɗe an kankare.

Jaguar XJ. X308 ta 1997 zuwa 2003, abin ɗaure sarƙar taimin na farkon V8 ɗinta roba ne, ka tabbatar an mayar da na ƙarfe. X350 da ta biyo ta jikin alminiyom ce da sasfenshan ɗin iska.

Lexus LS. In aka ce in zaɓar wa mai fara shiga harkar, LS430 ta 2000 zuwa 2006 zan nuna masa. Amma ita ma tana da sharaɗi: bel ɗin taimin take amfani da shi, ana canza shi wajen kilomita 145,000, in ya tsinke fistin na iya haɗuwa da bawul. Kik ɗinta kuma an ɓoye shi ne a tsakiyar injin, ƙarƙashin bututun shigar iska, don haka ƙaramin aiki ya zama babba. LS460 daga 2006 sarƙa take da ita, amma tana cin bushin ƙafafun gaba, na'urar birkinta kuma in ta mutu ba ta da arha.

3. Duba ta da sanyin inji

Ka ce wa mai ita kada a tayar kafin ka iso. Da ka zo, ɗaga bonet ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, ka sa wata ranar. Ƙarar sarƙa, hayaƙi da durƙushewar sasfenshan duk da sanyi suke bayyana, mai son ɓoye su kuwa ɗumama motar kawai zai yi.

Ka zo da tocila mai haske, farin tsumma, mitar awon wuta, tef ɗin awo, da gorar feshi mai ruwan sabulu. Bi wannan jerin, kada ka tsallake:

Kafin a taɓa makulli, tsaya nesa ka dubi tsayuwarta. Auna daga tsakiyar taya zuwa bakin jiki a kusurwa huɗu. Hagu da dama su zo daidai.

Auna batir. Cikakke yana ba da wajen volt 12.6 in inji a kashe yake. Bayan an tayar ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. A yawancin waɗannan motoci batir ɗin yana cikin but, ka ɗaga shimfiɗar wajen ka ga ko ruwa ya taɓa kwanciya.

Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki. Baƙin laka mai kauri na nuna an riƙa jinkirta sabis. Buɗe tankin ruwa tun da injin a sanyaye yake, in ka ga mai na yawo a sama, ka yi sallama.

Cusa hannu ƙarƙashin kafet a wajen ƙafar direba da na mai zaman gaba. Danshi ko warin ruma a nan babban abu ne, zan faɗi dalili a mataki na 7.

Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Duk fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne ko an rufe.

A tayar, kai kuma kana tsaye a gaban injin. Ƙarar ƙarfe kamar ana jan sarƙa a daƙiƙun farko alama ce ta kayan taimin. Bar ta a sulo kamar minti goma, sannan wani ya taka totur kai kana baya. Shuɗin hayaƙi a wannan lokacin shi ne robobin bawul. Farin hayaƙi mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda.

Daga nan ka danna kowane maɓalli da ke cikin motar: kujeru, gilasai, madubi, rufin sama, labulen baya, makullin ƙofofi, esi ta kowace kafa. Rubuta duk wanda bai yi aiki ba. Esi ɗin da aka ce maka gas kawai yake so, ka ɗauka yoyo ne, kuma in yoyon na cikin dashbod ne sai an kwance dashbod ɗin gaba ɗaya.

*Gargaɗi:* injin da aka wanke tas yana ƙyalli abin zargi ne. Ƙura busasshiya ta fi shi gaskiya, domin ita ke nuna inda mai ke bi. Ka kuma nemi makulli biyu. Yin sabon makullin waɗannan motoci sai an haɗa shi da kwamfutar motar, ba aikin mai yankan makulli ba ne.

4. Sa mata kwamfutar da ta dace

'Yar ƙaramar na'urar OBD ta gama-gari, wato wadda ake jona wa mota don karanta laifukanta, injin kawai take karantawa, alhali motar na da ƙwaƙwalwa da dama, ta giya daban, ta birki daban, ta sasfenshan daban, har ƙofofi da kujeru. Ana buƙatar wadda ke shiga duka: Xentry ko STAR ga Mercedes, ISTA ga BMW, VCDS ga Audi, Techstream ga Lexus, SDD ga Jaguar, ko wata babbar na'ura da ke iya aikinsu.

Ka sa a adana maka rahoton kafin a goge komai. Ka ce a duba ko gwaje-gwajen da injin ke yi wa kansa sun kammala. In an nuna ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge laifuka ko aka cire batir. A kuma kwatanta kilomitar da ke dashbod da wadda ke ajiye a sauran na'urorin, domin mai rage kilomita sau da yawa wuri ɗaya yake taɓawa.

Takardun sabis sun fi ƙarancin kilomita daraja a wurina. Mota mai kilomita 250,000 da rasit ɗin canjin kayan ruwa da man giya ta fi mai 120,000 da ba wanda ya san tarihinta.

5. Tuƙa ta, sannan ka shiga ƙarƙashinta

Zagayen unguwa ba gwaji ba ne. Kashe rediyo, ka yi aƙalla rabin awa, da cunkoso da buɗaɗɗiyar hanya. Giyar ta canza ba tare da ka ji duka ba, musamman daga ta biyu zuwa ta ɗaya lokacin tsayawa, da kuma sa ribas bayan ta yi zafi. Rawa a sitiyari lokacin taka birki ko dai faifan birki ne ko bushin ƙafa. Karkarwa a sulo da ke raguwa in ka fitar da giya yawanci mazaunin inji ne, waɗanda a irin waɗannan motoci cike suke da ruwa, sukan fashe su zauna. Idonka kuma na kan allurar zafi.

Da kun dawo a hau rami ko a ɗaga ta. Yanzu ne yoyo zai nuna kansa, tun da komai ya yi zafi. Haska tsakanin inji da giya, kaskon giya, tiyoyin sitiyari da bayan tayoyi. Karanta shekarun tayoyin: lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya huɗu masu faɗi irin nata kuɗi ne na gaske, ka sa su cikin ciniki.

In akwai ko ɗan shakku kan zafi, a yi gwajin hayaƙi a tankin ruwa. Wani shuɗin ruwa ake sawa a bakin tankin, in ya koma rawaya to gasket ɗin kan inji ya tafi.

6. Sasfenshan ɗin iska

Wannan ya cancanci matakinsa shi kaɗai, don shi ne abin da ya fi tsorata mutane, kuma shi ne aka fi yi wa gyaran ganganci.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. A kowace ƙafa akwai jakar roba cike da iska, akwai kwamfuresa da ke hura su, akwai akwatin bawul da ke raba iskar, da sensa da ke auna tsayi. Robar jakar tana tsagewa da shekaru, ba makawa. Da ta fara yoyo, kwamfuresa zai riƙa aiki ba hutu don ya cike gurbin, har ya ƙone. Shi ya sa wanda ya ga motarsa na kwana a durƙushe ya ce ai da an tayar tana miƙewa, ya ci gaba da hawa, ƙarshenta kaya biyu zai saya maimakon ɗaya.

Ga yadda ake gano mai laifin. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, auna kusurwa huɗu, ka rubuta. Da safe ka sake aunawa kafin a buɗe ƙofa, domin buɗe ƙofa na iya farkar da tsarin ya fara gyara tsayi. Kusurwa ɗaya ta sauka, jakar wajen ce ko layinta. Gaba duka ko baya duka ko motar gaba ɗaya ta sauka, ka fara zargin akwatin bawul. Motar ba ta sauka da dare amma tana jinkirin tashi, kwamfuresa ne ya gaji. Fesa ruwan sabulu a saman shokazoba da mahaɗar tiyoyi, kumfa zai nuna maka wurin.

A canza jakunkuna bibbiyu, hagu da dama, don shekarunsu ɗaya. In an canza kwamfuresa a canza rile ɗinsa, wato makunnin wutar da ke tayar da shi, tare, domin rile da ya maƙale shi ke ƙona sabon.

*Gargaɗi:* kada a sauke motar daga jak gaba ɗaya alhali sabuwar jakar ba iska a ciki, za ta naɗe ta lalace tun ranar farko. Kada kuma ka tuƙa ta in ta zauna ƙasa, taya zai ci jiki. Kada wani ya shiga ƙarƙashinta ba tare da an tokare ta da ƙarfe ba, don tana iya sauka da kanta.

Akwai masu cire iskar su sa sifirin ƙarfe. Yana rage ciwon kai, amma laushin da ka sayi motar dominsa ya ragu, kuma sai an rufe wa kwamfuta baki ko ta riƙa kuka. Ni dai a ganina, in jikin motar da injinta masu kyau ne a gyara mata iskarta. In kuwa motar ta riga ta gaji kuma ana son ta ƙarasa 'yan shekarunta ne, sifirin ba laifi.

7. Bayan ka saya: jerin aikin watannin farko

Jerin nan shi ne zuciyar maganar. Abin da zai kashe inji ko ya hana birki shi ne gaba, abin jin daɗi shi ne ƙarshe.

*Na farko, batir da hanyoyin ruwan sama.* Raunanan batir na sa waɗannan motoci su yi ta ƙaryar ciwo, ka ga fitilar birki, ta giya, ta sasfenshan duk sun kama lokaci ɗaya. Kada ka sayi ko sensa ɗaya kafin ka tabbatar da batir. A sa mai girma da nau'in da kamfani ya rubuta. A BMW daga E65 da Audi A8 D3, sai an sanar da kwamfutar motar cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho. Wasu Mercedes kamar W211 batir biyu gare su. In batir na mutuwa cikin kwana biyu, a auna abin da motar ke ja bayan ta yi barci, bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba.

A ranar kuma a buɗe magudanan rufin sama da na ƙasan gilashin gaba. Ganye da ƙasa kan toshe su, ruwa ya gangara ƙarƙashin kafet, inda na'urori da mahaɗar wayoyi suke. W220 ta yi suna a wannan. Aikin minti talatin ne da ke hana asarar da ba a iya ƙiyastawa. Kada a cusa wayar ƙarfe a magudanan nan, tana huda tiyon.

*Na biyu, kayan ruwa.* Tankin ruwa, wuyan lagireto, mahaɗar tiyoyi da gidan tamostat yawancinsu roba ne, zafin shekaru ya riga ya gasa su. Kan inji kuma alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. In ba takardar da ta nuna an canza su, a canza su rukuni guda: famfon ruwa, tamostat, tanki da murfinsa, manyan tiyoyi, fanbel da abin ɗaure shi. Canza ɗaya-ɗaya biyan ladan aiki ne sau biyar. A zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfani ya ce, a kuma fitar da iska daga layin.

*Gargaɗi:* kada ka yarda a cire tamostat wai don inji ya daina zafi, ko a haɗa fanka kai tsaye. Injin zai riƙa aiki a sanyin da ba a ƙera shi don shi ba, ya ƙara shan fetur, ainihin ciwon kuma yana nan. In allura ta haura, tsaya nan take ka kashe. Kada ka buɗe murfin ruwa da zafi.

*Na uku, baƙin mai da birki.* Lambar amincewar kamfani ita ake dubawa a jikin galan: MB 229.5 ga yawancin Mercedes masu fetur, Longlife-01 ga BMW, VW 502 00 ga Audi. V8 na cin wajen lita 8. Ga tsohon inji, ina ganin kada a wuce kilomita 8,000 zuwa 10,000 ko shekara ɗaya, ko da dashbod bai nema ba. Man birki duk shekara biyu. Mai W211 da birkin SBC ya tabbatar an kashe tsarin kafin a taɓa birkin, don famfon na iya matse shi da kansa ya datse yatsun bakanike.

*Na huɗu, man giya.* An sayar da yawancinsu da cewa man giyarsu na har abada ne. Kamfanin ZF, wanda ya ƙera giyar 6HP da ke cikin E65, A8 D3 da XJ X350, shi da kansa ya ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko shekara 8 ga motar da ke shan wahala. Kaskon wannan giyar a motoci da yawa roba ne haɗe da filta, tare ake canza su, a kuma canza robar soket ɗin waya tun da an buɗe. Awon man yana da zafin da ake yinsa a kai, da kwamfuta ake kallo. Kowace giya da manta: a Mercedes mai hawa bakwai akwai mai jan mai, akwai mai shuɗi, ba a haɗa su. Giyar da ta riga ta fara suɓucewa kuwa, sabon mai ba zai dawo da ita ba.

*Na biyar, yoyon mai.* Ba kowane ke da gaggawa ba. Wanda ke ɗiga kan altaneta, fanbel, salansa ko cikin ramin fulogi a yi shi yanzu. Ɗan gumi a gefen kasko na iya jira har wani aiki ya kai hannu wajen.

*Na shida,* ƙafafu da alaimen. Sai daga nan a zo kan allon dashbod da labule da kujerar tausa.

8. Kayan gyara da mai gyara

Kamfanonin mota ba su ke ƙera yawancin kayan ba. Bosch, Lemförder, Bilstein, Mahle, Mann, ZF, Denso da Aisin su ne ke yi musu, kuma ana samun kayan a kwalin mai ƙerawar da sauƙin kuɗi fiye da mai tambarin motar. Nan ne ake rage tsada ba tare da an cuci motar ba. Ka saya da lambar shasi, kada ka saya da ido.

Ka'idata ita ce, duk abin da sai an sha wahala kafin a kai gare shi, a sa masa mafi kyau. Araha ba ta ado, balle a sensa ko kayan taimin. Na hannu ya dace a fitila, ƙofa, madubi da kayan cikin ɗaki. Jakar iska, tiyo da bushi na hannu kuwa, tsufan wata motar ka sayo. Na'urorin kwamfuta na hannu wasu a ɗaure suke da motarsu ta asali, ka tambaya kafin ka biya.

Bakaniken kirki zai nuna maka abin da ya auna kafin ya ce a sayo kaya. Laifin da kwamfuta ta rubuta yana nuna inda za a duba ne, sau da yawa waya ce ko soket. Wanda ke cewa a canza wannan mu gani, da kuɗinka yake koyon aiki. Ka riƙa karɓar tsohon kayan da aka cire.

9. Lissafin shekara

Buɗe littafi, ka raba shi gida huɗu. Fetur: babbar V8 a cunkoson gari ba abin mamaki ba ne ta sha lita 15 zuwa 18 a kilomita 100, kuma mai inganci take so. Ninka da tafiyarka ta shekara, ka ga ko za ka iya. Sabis: ka tuna komai nata ninki ne, M113 fulogi 16 gare shi, V12 na M275 kuwa 24. Kayan da ke cinyewa: taya, birki, bushi, batir, waɗanda nauyin mota mai kusan tan biyu ke saurin gamawa da su. Sai asusun ba-zata, wanda za ka riƙa zuba wa wani abu duk wata ko motar lafiya take. Girman asusun ya kai kuɗin gyara mafi tsada da aka san irin motarka da shi, ka tambayi bakanikenka adadin tun kafin ranar ta zo. Inshora da takardu suna kan wannan.

Ajiye ta ba hawa ba ya rage kashe kuɗi yadda ake zato. Batir na mutuwa, robobi na bushewa, birki na kamawa. A fita da ita ta yi zafi sosai ko sau ɗaya a mako, in kuma za ta daɗe a tsaye a sa mata cajar da ke riƙe batir.

Ranar da babban gyara ya zo, kada ka auna shi da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa kawai, kusan kullum gyaran zai yi kamar ya fi ƙarfinta. Auna shi da abin da za ka kashe ka samu wata da ka san cikinta kamar wannan. In jiki ba tsatsa, wayoyi ba su taɓa shan ruwa ba, kayan ruwa da ƙafafu an riga an yi su, gyaran giya ko na taimin na iya zama daidai. In kuwa biyu daga cikin manyan huɗun nan, inji, giya, sasfenshan da wayoyi, suka nemi kuɗi a lokaci ɗaya, ko tsatsa ta kai inda ƙafafu ke ɗaure, ka sayar da ita yadda take, ka faɗa wa mai saye abin da ke damunta, ka miƙa masa littafin da rasit ɗin duka.